Gurbi a Bangon Baba

Idanun Auta ne suka tarbe ta da ta tura ƙofar shagon. Suna nan a jikin bango, baƙaƙe wuluk, suna yi mata irin kallon da yake yi mata in ya kama ta da ƙarya. Manaja ta tsaya cak.

Bai kamata Auta ya yi idanu ba. Mahaifinsu, wanda unguwa ta sani da Mai Fenti, shi ya zana iyalinsa kaf a bangon nan, duk sanda aikin allunan shaguna ya yi sauƙi. Yana da ƙa'idarsa: mai rai ba a sa masa ido. Sai mutum ya rasu Baba ke dama baƙin fenti ya buɗe masa idanu, wai don ya ci gaba da ganin gida. To, Baba ya shekara shida a ƙasa. Auta kuwa bara-baran nan ya bi shi.

"Gwaggo, wa ke shigowa nan?"

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta karkaɗe wata kujera ta zauna tana nishi. "Ɓeraye. Makulli ɗaya ne, kuma a bakin zanena yake kwana."

Shekara talatin da ɗaya Manaja ta yi a banki. Da ta yi ritaya sai ta ce za ta mayar da shagon ɗakin karatu na unguwa, kyauta. An sayi kantoci, littattafai na cikin kwalaye, ran Litinin wani mai fenti zai zo ya shafe bangon fari fat. Ta gaya wa kowa don haske ne. Ƙarya take. Abin da ba ta son gani shi ne tabon nan ruwan toka da ke tsakanin yayansu da Auta, inda fuskarta take a da.

Sau uku Baba ya aika a kira ta yana kwance. A lokacin ana shirin ba ta babban reshe, taro kan taro, sai ta riƙa cewa ƙarshen mako. Ƙarshen mako na uku ya lallaɓa ya tashi, ya dafa bango har shago, ya shafe ta. Ran Laraba ya cika. Tun daga ranar, ko a wane ofis ta zauna, tambaya ɗaya ke cin ta: da fushinta ya tafi?

Ta buɗe jaka ta zaro ƙaramin gilashin nan mai ƙara wa rubutu girma. Kafin a fara ce mata Manaja, shekara goma sha biyu ta yi tana tantance sa hannu, kuma ba a taɓa wucewa da na jabu ta gabanta ba. Ta san mai kwaikwayo: a hankali yake tafiya, hannunsa na ɗar-ɗar, yana tsayawa inda mai abin ba ya tsayawa. Ta cire takalmi ta hau benci, ta kai gilashin kan idon Auta.

Ja ɗaya ne, da sauri, daga dama zuwa hagu, da ɗan wutsiya a ƙarshe inda burushi ya tashi. Hannun bahago, irin na Baba. Ta duba idanun Inna, mahaifiyarsu, waɗanda a gabanta Baba ya sa su. Babu bambanci ko na ƙwayar gashi. Ta sauke gilashin a hankali.

"Kin gama binciken?" in ji Gwaggo. "Ko sai an kira 'yan sanda sun kama shi?"

"Gwaggo, ba ki tsoro?"

"Tsoron yayana? Duk Asabar nakan leƙo in duba tawa fuskar. Har yau dai makauniya ce, mun gode Allah."

Manaja ta sauko. "Ya yafe mini kuwa?"

"Ni ya gaya wa? Mutumin da ba ya magana sai da burushi! Ki tambaye shi da yarensa, 'yar nan."

Ta kalli gwangwanayen da ke ƙarƙashin teburi. Ai ba ta taɓa barin zane ba. Duk Lahadi, a gidanta, takan zana furanni da jiragen ruwa ta ɓoye a bayan kabad. Fuska ce dai ba ta ƙara taɓawa ba tun tana 'yar shekara goma, ranar da Baba ya duba aikinta ya ce, "Wannan kunne ne ko hannun kofi?"

Ta ɓamɓare murfin wani gwangwani. Fentin shekara shida, amma ruwa-ruwa yake kamar jiya aka dama.

Dariya ta bar fuskar Gwaggo. "Tsaya tukuna. Kin san dai wanda ba ya bangon nan, babu mai sa masa ido. Kina zaman lafiyarki. In kika shiga, kin shiga layi, kuma kullum sai kin leƙo kamar ni."

"Na sani."

Tsoro take ji, ba kaɗan ba. Amma ta gaji da zaman lafiyar. Ta naɗe hannun riga ta fara a kan tabon. Ba yarinyar da aka shafe ta zana ba. Ta zana mace mai shekara hamsin da takwas, da furfura a gefen goshi, da layi biyun nan na gefen baki da zaman taro ya haƙa mata. Wurin idanu ta bar shi fili. Ta ɗauki awa biyu, Gwaggo na gyangyaɗi tana farkawa.

Suka fita tare zuwa famfon tsakar gida, Gwaggo na riƙe da gwangwanin kananzir, ita tana wanke burusai. Babu wanda ya gifta su, kuma ƙofar shagon na gabansu. Da suka juyo, warin sabon fenti ya doke su tun daga bakin ƙofa, irin wanda yanzu aka buɗe.

Gwaggo ta ja da baya. "Ni kam ba zan duba ba. Ke kika ja."

Manaja ta shiga ita kaɗai, idonta a ƙasa. Ta ƙirga taku biyar zuwa benci, sannan ta ɗaga kai.

Wurin idanun fili ne, yadda ta bar shi.

Kunnen hagu ne ya sauya. An rage masa faɗi, an lanƙwasa shi yadda kunnen mutum yake, da ja ɗaya daga dama zuwa hagu, da ɗan wutsiya a ƙarshe. Fentin na sheƙi, bai bushe ba. Ba ta ko nemi gilashinta ba. Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya, ta rasa wanda za ta fara tarewa.

"Mene ne?" Gwaggo ta ƙwalo daga waje. "Ya sa?"

"Kunne ya gyara, Gwaggo. Ɗaya."

"Ɗaya kawai? To ɗayan fa?"

Na dama na nan yadda ta yi shi, hannun kofi sak. A kan benci kuwa, inda ɗazu babu komai, an ajiye ɗan siririn burushi, jiƙe da fenti, mariƙinsa na fuskantar ta.