Gadon Kusa da Famfo

A gida Farfesa ake ce mata, ba don ta kai ba, sai don ba ta iya jin an faɗi abu a karkace ta yi shiru. Yayanta ne ya laƙaba mata tun tana makaranta, sunan kuma ya bi ta har ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da take aiki. A can ake kawo mata jini da fitsari da mugunya, ta shuka su a faranti, ta gano wace bakteriya ce ke cin mutum da maganin da zai kashe ta.

Inna, mahaifiyarsu, ta zame a banɗaki, ƙwaurinta ya karye. Aka yi mata tiyata, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe, likitan ƙashi ya ce aiki ya yi kyau, ba za ta daɗe a kwance ba.

A ɗakin mata masu karaya akwai gadon da ba a ba kowa sai dangin ma'aikaci. Yana can ƙarshe, jikin taga, dab da kwamin wanke hannu, inda famfo ɗaya tilo yake wanda ruwansa ba ya ɗaukewa. Metiron, wadda ke shugabantar nas-nas ɗin ɗakin, da kanta ta mayar da wata mata tsakiya ta kwantar da Inna a wurin, tana cewa uwar ma'aikaciya ai uwar kowa ce. Farfesa ta yi godiya, ta saci kallon Yaya don ta tabbata ya gani.

Kwamin nan ba ya hutawa. A ciki ake juye ruwan wankin miki, da ragowar ledar ƙarin ruwa har da maganin da aka zuba mata. Masu jinya su wanke kwanukansu, nas ta ɗora tiren auduga a bakinsa tunda babu tebur a kusa. In an buɗe famfon, ruwa ya daki ramin magudanar ya fantsamo har kan zanen gado. Inna tana dariya, wai an ba ta gado mai yayyafi kyauta.

Ba a jima ba ɗinkin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta, wari ya fara fitowa ta cikin bandeji. Likita ya canza allura, ya sake canzawa, kowace ta fi ta baya ƙarfi, mikin kuwa sai ƙara buɗewa yake. Da aka aika da mugunyar ɗakin gwaji, shugaban sashen ya ce Farfesa ta bar wa wani, ba a aikin uwa da hannun 'ya. Ta ce hannunta bai taɓa rawa ba, ba kuma yau zai fara ba.

Yadda ake yi, a shafe faranti da bakteriyar, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magani iri-iri, a sa a ɗumi ya kwana. Maganin da ke aiki yakan share fili kewaye da takardarsa. Da safe ta ɗaga farantin Inna ga haske. Babu fili ko na ƙwayar gero. Bakteriyar ta mamaye ko'ina, ta hau har kan takardun tana ƙyalli kamar majina. Na'ura ta nuna dalili: bakteriyar tana ɗauke da wata ƙwayar halitta da ke koya mata sare maganin kafin ya taɓa ta, har da wanda asibitin ke ajiyewa sai ta ɓaci. Irin wannan ƙwayar halitta ba ta tsayawa ga mai ita kaɗai, bakteriya na miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar aron ludayi ta katanga.

Farfesa ta ɗauki tsinken auduga ta koma ɗakin, ta zura shi cikin magudanar kwamin a gaban kowa. Abin da ya tsiro bakteriya ce kala-kala, kowace da wannan ƙwayar halittar. Shekara da shekaru ana shayar da su ragowar magani, masu rauni sun mutu, waɗanda suka rage sun ƙoshi.

Ta je wa Metiron da sakamakon, ta ce a rufe famfon, a ɗauke Inna daga wurin. Metiron ta saurara har ƙarshe, ta ce in an rufe, a ina nas-nas za su wanke hannu, a bokiti? Ta ce ta fara aiki a ɗakin nan tun Farfesa na goye, uwayen likitoci sun kwanta a gadon sun tashi lafiya.

"Mun karrama ki, 'yata, kin zo kina ce mana ƙazamai."

"Ban ce ba, Metiron. Farantin ne ya ce."

Ba a rufe famfon ba, amma an ɗauke Inna. Aka kai ta wani ɗan ɗaki da a da sito ne, babu taga, aka manna alamar keɓewa a ƙofa. Nas-nas ɗin da ke kiranta Innarmu suka koma zuwa mata a ƙarshen zagaye, cikin safar hannu, ba hira. In Farfesa ta gaishe su sai su amsa wa bango. Ba ta fasa gaisuwar ba, kullum da ƙarfi, kowace da muƙaminta.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ke kwana da Inna, ta gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa bakin yarinyar nan ne ya jawo aka kore su daga gado mai iska zuwa kurkuku. Yaya ya zo da leda cike da kafso daga kemis, ya ce mai shagon ya rantse ko ƙarfe ne zai narke. Farfesa ta karɓa ta karanta kwalayen, duk suna cikin waɗanda bakteriyar ta hau kansu a faranti. Da ta faɗa masa, ya ce to Farfesa, duk wannan boko amfaninsa ke nan, ki san sunan abin da ke cin uwarki?

Saura magani ɗaya, tsoho, wanda aka daina so don yana cin ƙoda. Likita ya gwada. Fitsarin Inna ya ragu, fuskarta ta kumbura, dole aka tsayar. Cutar ta bi ƙarfen ta shiga ƙashi. Likita ya tara dangi a baranda ya ce in ba a yanke ƙafar a saman gwiwa ba, abin zai shiga jini. Yaya ya ce da ransa ba za a yi gunduwa-gunduwa da uwarsa ba, gida zai kai ta. Gwaggo ta kama kuka.

Inna ta sa aka fitar da kowa sai Farfesa.

"Ke kika gan shi da idonki. In na riƙe ƙafar fa?"

"Ba za ki daɗe ba, Inna."

"Ko ɗan sassauta murya ba za ki yi ba? Halin ubanki sak." Inna ta kalli silin. "A yanke. Amma ke za ki gaya wa yayanki, ni ba ni da ƙarfin rigimarsa."

Farfesa ta gaya masa a tsaye. Tun daga ranar, a dangi ita ce wadda ta sa aka yanke wa uwarta ƙafa, a asibiti kuma ita ce wadda ba ta san alheri ba. Ba ta nemi hutu ba, ba ta nemi canjin wuri ba. In ta tashi daga aiki sai ta wuce siton, ta juya Inna, ta wanke ta, ta zubar da fo, ta fito ta ratsa gaban teburin nas-nas kanta a sama. In kuka ya zo mata, banɗakin ɗakin gwaji take shiga, ta wanke fuska kafin ta buɗe ƙofa.

Bayan tiyata aka aiko da auduga daga dungun. Ita ta shuka. Farantin ya kwana, ya ƙara kwana, babu abin da ya tsiro. Ta je ta gaya wa Inna cewa cutar ta fita, ƙodar ma ta fara dawowa.

Inna ta ce madalla, ba ta buɗe ido ba. Can ta ce tafin ƙafarta na ƙaiƙayi, ya hana ta sakat tun safe, a sosa mata. Farfesa ta kai hannu ga ƙafar da ta rage.

"Ba wannan ba. Ɗayar."

Farfesa ta tsaya. Ta san bayanin, ta karanta shi, jijiya ce da ƙwaƙwalwa, har ya taso mata a baki. Sai ta haɗiye, ta ɗora yatsunta a kan katifa inda babu komai, ta fara sosawa.

"Ƙasa kaɗan," in ji Inna.