Shayin Surukata

Ɗana Fatihu ya nuna mini wani fim na Turawan Ingila a wayarsa. 'Ya'ya sun zuba wa tsohonsu guba cikin shayi don su gaji gida, suka dawo daga makabarta suna raha. Daga bayan zana na jiyo matarsa Mardiyya tana ƙyalƙyala dariya.

Da safe ta aiko mini shayi mai kauri, abin da ba ta taɓa yi ba. Fatihu kuwa ya ce, "Baba, gonar nan ta Kamarawa ba ta yi maka nisa ba?"

Na ce, "Ɗanɗana mini tukuna, za ni sha daga baya."

Ya shanye tas. Har yau lafiyarsa lau, kuma kullum shi ke shanye shayina. Na fara zargin da yunwa suka shirya kashe ni.