Hannun da Aka Ɗaure

Tun da nake ban taɓa ganin gardama mara amfani irin wadda ta cinye mana hutun rana na wata biyu cur a masana'antar jima da nake aiki a Challawa ba. Sunana Bulus, mutumin Zonkwa, shekarata goma sha tara ina kula da gangunan da ake juya fata a ciki. Duk shekarun nan benci ɗaya muke zama da Baffa Ya'u in an tashi cin abinci, saboda haka duk abin da ya fito daga bakinsa a kunnena yake fara sauka.

Baffa ya haura sittin, siriri ne kamar tsinken tsire, kuma ya yi dambe da samartaka. Shi kaɗai ya rage a wurinmu da ke kankare fata da kartaji, wuƙar nan mai mariƙi biyu. Fatun awaki masu laushi da inji ke yagawa shi ake kai wa. Da sabon manaja ya zo ya sallami tsofaffi, hannun nan ne ya ceci Baffa, kuma a gabana manajan ya ce masa ranar da hannun ya fara rawa sai gida. Mai hankali ai lallaɓa irin wannan hannu zai yi.

Sai Allah ya haɗa shi da Musbahu, wani ƙaton ɗan lodi da ke ɗaga ƙarfe a Ɗorayi duk yamma. Wayarsa cike take da bidiyon damben Turawa, ajin masu nauyi.

"Baffa, ku duba nan," in ji Musbahu, yana tura masa waya a hanci. "Kilo ɗari da ashirin! In wannan ya taɓa mutanenku na da, sai an kwashe su da tsintsiya."

"Yaro man kaza," in ji Baffa. "Nama ne kawai ka gani. Naushi daga ƙugu yake tashi, ba daga tumbi ba. A zamaninmu akwai Auwalu Ɗan Mahauta, bai kai ni jiki ba, ya naushi ɗan maraƙi a goshi sai da ya durƙusa."

Ranar Litinin maraƙi ne, kafin Alhamis ya zama bijimi. Shi kuwa Musbahu kullum maganarsa ɗaya, wai in tifa da adaidaita sahu suka daki bango, kowa ya san wadda za ta rushe shi. Na roƙe su, na zage su, har benci na sauya, suka ɗauko kwanukansu suka biyo ni. Shinkafata ta daina yi mini daɗi.

Kamilu mai kula da sito ne ya ɓata lamarin gaba ɗaya. Ya ce a rataye buhu a ƙarfen rumfar bayan sito, kowa ya kai naushi ɗaya, a huta.

"Baffa, kada ku yi," na ce. "Da hannun nan kuke ci."

"Kai Bulus, tsoro ya hana ka ƙiba," ya ce, ya aika a kawo masa tsumma da igiya.

Na zauna ina kallo, raina a ɓace, yana naɗe hannunsa na dama yadda 'yan dambe ke yi, tsumma a ƙasa, igiya a sama, zagaye bayan zagaye, har dunƙulen ya koma kamar kan taɓarya. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi.

Aka rataye buhun garin katako. Musbahu ya ja baya, ya kai masa naushi, buhun ya tashi ya bugi bango, ɗinkin gefe ya buɗe. Ma'aikata suka yi ta sowa. Aka ce saura Baffa, sai ya girgiza kai.

"A dambe ba a dukan wanda aka riga aka kayar. Ku kawo sabo."

To, a wurinmu buhu ba ya tsufa. Wanda aka juye garin katako daga cikinsa shi ake ɗura wa gishirin adana fata, duk farare ne, babu rubutu. Gishirin kuwa in ya kwana a sito damina guda, sai ya sha danshi ya dunƙule ya zama dutse. Kamilu yana can yana ɗaukar bidiyo, bai ko duba abin da aka jawo ba. Mutum biyu suka ɗauko buhun suna nishi, igiya ta yi ƙara da aka rataye shi, sai na hango farin ɓawo ya bushe a gindinsa.

"Baffa, gishiri ne!" na yi ihu. "Gishiri ne, ku tsaya!"

Wani ya riga ya fara kiɗa a kan jarka, ana ta zuga tsohon. Baffa ya ɗaga hannun hagu, ya karkace, ya saki na dama.

Ƙarar da na ji kamar an karya rake ce. Buhun bai ko motsa ba, amma ya tsage daga tsakiya, dunƙulen gishiri ya rabe, gutsattsari suka zubo ƙasa. Wuri ya kaure da ihu, Musbahu ya riƙe baki. Baffa ya tsaya cik yana murmushi, gumi na tsattsafo masa, bai bari kowa ya taɓa igiyar hannunsa ba sai da muka shiga adaidaita.

Mai ɗori ya ce ƙashi uku ne suka karye. Bayan sati bakwai aka kwance, yatsun suka ƙi rufuwa a kan mariƙin kartaji. Manaja ko faɗa bai yi ba, ya dai ce Allah ya ƙara sauƙi, ya miƙa masa takardar sallama. Yanzu fatun awakin inji ake kai wa, Musbahu ne ke kwashe yagaggun a baro, kansa a sunkuye.

Ran Lahadi da na taso daga coci na biya gidansa. Na same shi a tabarma, 'yarsa Saudat ta ajiye masa tuwo. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu, haushi kawai ya rage.

"Na yi muku ihu, Baffa. Wallahi har maƙogwarona ya yi ciwo."

"Na ji ka," ya ce. "Tun kafin ka buɗe baki na gani. Shekara arba'in ina shaƙar gishiri, sai in kasa gane shi?"

"To don me, saboda Allah?"

"An riga an ɗaure hannu, Bulus. Ba a kwance shi haka nan."

Ya kai hannun cikin kwano zai yanki loma, yatsun suka tsaya a buɗe. Ya sake gwadawa. Saudat ta shiga ɗaki, ta dawo da cokali ta ajiye a gefen kwanon. Baffa bai kalli cokalin ba, ni ya kalla.

"Amma tsakaninka da Allah, ya fashe ko bai fashe ba?"

Na so in ɗauki kwanon in kifa masa a ka. Na haɗiye, na tura masa cokalin kusa.

"Ya fashe, Baffa."