Kwabon da Banki Ya Ƙi Karɓa

Saura kwana biyar bikin Verlyn, Tanti Ismay ta taka kujera ta sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad, kuma tun bai iso ƙirjinta ba ta san an yi mata ɓarna. Gwangwanin da ta saba tallafewa da hannu biyu, yau da yatsu uku ta riƙe shi. Ta buɗe murfin. Babu manyan kwabbanta na jan ƙarfe, sai wasu 'yan mitsi-mitsin farare suna ta ƙyalli, kowanne da hoton kifi.

Sabon kuɗi ne. Shekara guda ke nan da aka sauke tutar Ingila a tsibirin aka ɗaga tasu, kuma Tanti Ismay ba ta da faɗa da wannan. Ita ma ranar ta yi rawa a bakin teku har igiyar takalminta ta tsinke. Da kuɗin take faɗa. Senti ɗaya in ka ajiye shi a tebur ka yi atishawa, sai ka durƙusa nemansa a ƙarƙashin gado. Masu sayar da kifi suna rantsuwa iska ta fi ɓarayi kwashe musu ciniki. Wai wannan ne kuɗin ƙasa mai 'yanci, abin da ko ƙara ba ya yi in ya faɗi.

"Verlyn!"

'Yarta tilo, malamar makarantar firamare, ta leƙo daga ɗaki da allura a baki, rigar aurenta a kafaɗa.

"Wa ya taɓa min gwangwani?"

"Au, Mama, na manta ban gaya miki ba." Ta zare allurar. "Ni na kai banki na canjo miki, mako uku ke nan. Ranar ƙarshe ce fa. Da na ƙara kwana ɗaya da sun zama ƙarfen banza. Awa biyu na yi a layi, rana na dukana."

Ta tsaya tana murmushi, tana jiran a sa mata albarka.

Tanti Ismay ta zauna a kan kujerar da ta taka. Kwabban nan ba a taɓa sayen ko ashana da su ba. Su ne duwatsun awonta. Fulawa da man shanu da sukari, laba-laba ake sayowa a kanti, ko jaki ba zai yi kuskure ba. Amma ƙananan abubuwan da ke raya baƙin kek ko su kashe shi, da kwabo ake auna su a ɗan sikelin hannu: kirfa kwabo biyu, gyaɗar ƙamshi kwabo uku, ƙonannen sukari goma sha biyu. Waɗannan duk da sauƙi, kowane tsohon kwabo zai yi. Soda mai sa kek ya tashi, ita ce ba ta yafiya. Ta yi yawa, kek ya yi ɗaci ya rufta. Ta yi kaɗan, ya fito kamar tubali. Ita soda kwabonta guda ne a duniya, wani tsoho da ya goge sumul har ba a ganin fuska a jikinsa. Makauniya suke ce masa tun zamanin kakarta.

"Har da Makauniya?" ta tambaya a hankali.

"Wace Makauniya kuma?"

Nan ne ran Tanti Ismay ya ƙarasa ɓaci, don ta san rabin laifin nata ne. A gidansu ba a nuna wa 'ya awon kek sai a makon aurenta. Haka mahaifiyarta Ma Titine ta yi mata, haka aka yi wa Ma Titine. Yau ɗin nan ta yi niyyar zaunar da Verlyn ta nuna mata. To amma mutum ya ga gwangwani a saman kabad, a bayan tulun zabibi, nannaɗe da tsumma, ba sai ya tambaya ba? Ina! Mai ilimi ba ta tambaya. Gyaran gangar Auzinawa kawai.

"Mama, ba sai a auna da cokali ba? Littafin girki ya ce cokali ɗaya..."

"Littafin ya taɓa zama a bakin teku? Sodar garin nan ran da ta sha raɓa ta dunƙule, ran da ta bushe ta zama gari. Cokali maƙaryaci ne. Ke kuma rufe min baki da littafi."

Ba abin wasa ba ne. Zabibin da ke cikin tulu wata goma sha ɗaya yana jiƙe a giyar rake, tun ranar da aka sa ranar auren. Kwaɓi ɗaya zai yi, babu gwaji, babu sakewa. Kuma ran Asabar da safe matan dangin ango za su fito da nasu kek a ka, na amarya su fito da nasu, a haɗu a mararraba a yi ta rawa da su, sannan a yanka duka gari ya ɗanɗana. Abin da harsuna suka yanke a ranar, shi za a yi ta maimaitawa har Verlyn ta yi jika. Uwar ango, Mis Hyacinth, tun watan jiya take yawo tana faɗin an aiko mata da kofunan awo daga ƙasar waje. Shekara talatin ba a taɓa kayar da kek ɗin Tanti Ismay ba, sai a bikin 'yar cikinta za a fara?

Ta ɗaura hula, ta saƙale gwangwanin a hammata, ta nufi banki.

Mista Prosper ne a bayan kanta, da laƙataye a wuya cikin wannan zafin. Tare suka yi aji ɗaya a makaranta, amma tun da aka ba shi tambari yake magana ta hanci.

"Prosper, ga kifayenku. Ba ni kwabbaina."

"Mis Ismay, ai bakin alƙalami ya bushe. Tsohon kuɗi an ɗura shi a ganguna, jirgi ya tafi da shi tun ran Talata. Narkarwa za a yi."

"A narkar da me?"

"Da duka. Ki yi alfahari mana. Dubi nan." Ya ɗauki senti ɗaya ya ɗaga. "Kifinmu ne, na tekunmu. Ba kan wata Sarauniya da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba."

"Kifinku ko ƙaya ba shi da ita. Ka hura shi ka gani."

Na bayanta a layi suka tuntsire da dariya. Mista Prosper ya gyara laƙataye.

"Mu dai mun bi doka. Duk kwabon da ke da fuska mun karɓa. Wanda ya goge ba a gane komai, mun mayar wa mai shi, don banki ba bola ba ce."

Tanti Ismay ta riga ta juya, sai ta tsaya cak.

"Maimaita."

"Na ce banki ba bola..."

"Ba wannan ba, sarkin surutu. Na gabansa."

Ba ta jira ya gama ba. Hawan tudun gidanta da take yi da hutu biyu, ranar a numfashi ɗaya ta yi shi. Ta tarar da Verlyn ta ajiye ɗinkin, idanu sun yi ja.

"Akwai wanda suka ƙi karɓa?"

Verlyn ta sunkuyar da kai. "Guda ɗaya. Prosper ya ɗaga shi sama a gaban mutane yana tambaya ko maɓallin wando na kawo. Kunya ta kama ni, Mama."

"Ina yake?"

"Na jefa a farantin baikon coci ran Lahadi."

Tanti Ismay ta ɗaga ido sama, ba ta san ko godiya za ta yi wa Ubangiji ko ƙara za ta kai Masa ba. Gari duka ya san zancen farantin nan. Tun da aka kashe tsohon kuɗi, duk wanda ya tsinci kwabo a aljihun tsohuwar riga sai ya tuna da Allah. Lahadi uku a jere limamin cocin, Fada Anselm, yana huɗuba a kai, jijiyar wuyansa a miƙe, yana cewa mutanen da suka ƙi ba Ubangiji kuɗi yana da rai, yanzu gawarsa suke kawo Masa. Ita kanta Tanti Ismay ta gyaɗa kai a huɗubar, ashe 'yarta na cikin masu jana'izar.

Suka same shi a ɗan ɗakin bayan coci. Bokitin da yake tara matattun kwabban na nan a lungu, cike har baki, an tokare ƙofa da shi.

"Fada, kwabo ɗaya na zo ɗauka. Nawa ne, kuskure ya kawo shi."

Fada Anselm ya dubi bokitin, ya dubi gwangwanin da ke hammatarta, sannan ya dubi rufin da ke yoyo.

"Tanti, abin da ya shiga farantin Ubangiji ba ya fita."

"Kai da bakinka ka ce gawa ce!"

"Gawar ma Tasa ce. Amma ana iya fansa."

Tanti Ismay ta harare shi. Ita ta yi kek ɗin ranar naɗinsa, kyauta. Ta ja tsaki a gaban gicciye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta buɗe gwangwanin ta juye masa kifayen kaf a kan tebur. Iskar taga ta kwashi uku ta watsar, Fada ya bi su da gudu yana tattare riga.

Suka kifar da bokitin a ƙasa suka durƙusa, uwa da 'ya. Allura cikin ruwa. Ga sarakuna masu gemu, ga masu sanƙo, ga sarauniya tana yarinya, ga wata tsohuwa da mayafi, kuma gogaggun ba ɗaya ba ne, ba goma ba.

"Wannan ne, Mama?"

"A'a."

"Wannan fa?"

"Verlyn, in kika ƙara tura min ƙarfe a hanci, ran Asabar da burodi za a yi rawa."

Daga nan ta daina dubawa. Ta rufe ido, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa da babban yatsa tana jefarwa gefe. Gwiwoyinta suka yi tsami, ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa. Can yatsan ya faɗa cikin wani ɗan kwarmi da ya sani, ya zauna daram. Ta damƙe hannu ta kai ƙirji, ta daɗe a haka.

Washegari da safe aka yi kwaɓi. Tanti Ismay ta sa Verlyn ta riƙe sikelin da kanta, Makauniya a faranti ɗaya, soda a ɗayan, tana zubawa da bakin wuƙa har suka daidaita. Sauran awon da kwabban bokiti aka yi, don ta kwaso goma sha bakwai ba ta tambayi Fada ba, ta ce ai ta biya. Verlyn ta zaro sababbin senti daga jakarta, ta jera su a sikeli ta ga kifi nawa ne nauyin Makauniya, ta rubuta a bayan littafin girkin. Tanti Ismay ta yi ta mita, wai an mayar da kek ɗin kakarta miyar kifi, amma ba ta hana ba. Tun da ta ji jirgi ya kwashe tsohon kuɗi a ganguna, ta san kwabo ma yana iya ɓacewa.

Awa huɗu yana cikin tanderu. Da aka fito da shi ya tashi ɗas, baƙi wuluk, tsakiyarsa ba ta rufta ba, ƙamshinsa har gidan Mis Hyacinth in iska ta yi adalci.

Tanti Ismay ta goge kwabon da gefen zaninta, ta kamo hannun 'yarta ta ɗora mata a tafi.

"Naki ne yanzu. In kika sake kai shi banki, ni da ke ne."

Verlyn ta juya shi gaba da baya. "Ko alamar kan Sarauniyar babu. Me ya cinye shi haka?"

"Mu. Kakata ta shafa shi tana jiran kek ya gasu, Ma Titine ta shafa shi tana jiran kwale-kwalen babana, ni na shafa shi shekarar da kika tafi karatu." Ta nuna mata kwarmin. "Su Prosper sai da jirgi ya kawo musu takarda kafin su cire kan matar nan daga kuɗi. Mu a madafin nan shekara saba'in muna goge shi da yatsa."

Verlyn ta ɗora babban yatsanta a kwarmin. Ya zauna daram, kamar an auna. Ta fara shafawa a hankali, hawaye na sauka a kan hannunta.

Tanti Ismay ta juya wa 'yarta baya, ta kama goge teburin da ta riga ta goge.

"Ɗauke yatsa haka nan," ta ce. "Za ki rage min awo."