Ƙarafa Biyu a Tsakar Gidan Malam Isyaku

A Gyadi-Gyadi, cikin wani lungu da ke bayan layin masu gyaran rediyo, akwai gidan Malam Isyaku, tsohon akawu a ofishin ƙaramar hukuma. Yana da mata ɗaya, Inna Huraira, da ɗansu na fari Kabir, da autarsu Kulu mai shekara goma. 'Yan matan da ke tsakani duk sun yi aure. Abinci bai taɓa yanke musu ba, kuma unguwa tana ganin girmansu. Abin da suka rasa shi ne tafiyar maigidan. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ana cikin murna ana ta busa ƙahon motoci a titi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga nan bai sake taka ko zaure ba.

Kabir ba ya ƙasar a lokacin. Da ya gama karatun gashin ƙashi, sai ya sa sunansa cikin matasan da ake turawa aikin sa kai a ƙasashen waje. Aka kai shi Mozambik, wani ƙaramin asibiti a bakin teku, inda ake koya wa waɗanda nakiya ta cire wa ƙafa yadda za su sake tafiya. Ba a gaya masa gaskiyar ciwon ba, don ba a tayar wa matafiyi hankali. Abin da ya ji kawai shi ne Baba yana ɗan fama da jiki, amma da sauƙi.

Inna Huraira ta riƙe mijinta da hannu biyu. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke gyara masa matashi, kafin ya nemi buta ta kawo masa har kan gado da kwanon tarar ruwa. Mata masu zuwa dubiya suna fita suna cewa, "Wannan baiwar Allah ta gama samun Aljanna." Malam Isyaku kuwa kullum ƙara shiru yake yi, fuskarsa tana kallon bango.

Kulu tana tuna yayanta a matsayin mutum mai gaggawa. In ya ce a kawo ruwa, kafin a kai randa ya sake kira. Saboda haka ranar da ya dawo, ta tsaya tana kallonsa da mamaki. Ya rame, ya yi baƙi, jakarsa ɗaya tak, kuma yana sauraron magana har a kai ƙarshenta kafin ya amsa.

Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin mahaifinsa, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa. Malam Isyaku mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Kabir ba, bai taɓa zama hira da shi ba, ballantana yanzu da yake kwance.

"Kulu," in ji shi, "ki ce wa yayanki sannu da hanya."

Kulu ta juya ta faɗa, ko da yake kowa ya ji. Kabir ya amsa mata. Idonsa kuwa yana kan ƙafar mahaifinsa ta hagu, wadda ta kwanta gefe kamar ba tasa ba.

Kabir ya yi kwanaki yana kallo kawai. Daga baya ya fara zama a bakin ƙofa da safe, yana gaya wa Kulu abin da za ta yi. Ita auta ce, Baba ba ya hana ta komai. Ta riƙa lanƙwasa masa gwiwa tana miƙewa, tana tura tafin ƙafarsa shi kuma yana turo hannunta.

"Ki ce wa Baba ya ƙara turowa."

"Ki ce wa yayanki ba jaki ba ne ni."

Amma ya ƙara turowa. Da aka yi makonni ana haka, ya fara zama a bakin gado da kansa.

Wata Asabar Kabir ya ɗauki Kulu a acaɓa suka tafi Tarauni, wajen Jideofor mai walda. Jideofor Inyamuri ne haifaffen Kano, tare suka yi firamare da Kabir. Yana hango su ya cire baƙin gilashinsa ya daka ihu.

"Kai! Bature ya dawo! Ina tsarabata? Ko kifin teku ne ya cinye ka, ka dawo kamar tsinken tsire?"

"Kai kuma har yanzu tumbin nan bai fashe ba?"

Suka rungume juna. Kabir ya tsuguna ya zana layi biyu a ƙasa da yatsa. Ya ce bututun ƙarfe biyu yake so, dogaye, a tsaye kan ƙafafu, tsayinsu daidai ƙugun mutum.

"Shanya za ku yi, ko akuya za ku ɗaure?"

"Baba ne zai riƙe ya yi tafiya."

Jideofor ya daina dariya. "Baba Isyaku? Wanda ya cika wa babana takardun rumfa?" Ya dubi zanen ya daɗe. "Zan zo in kafa da kaina. Siminti zan sa, kada ya motsa."

Aka kafa ƙarafan daga bakin ƙofar ɗakin Baba zuwa gindin bishiyar gwaiba. Kabir ya ajiye kujera a kowane ƙarshe. Sa'an nan ya ɗauki butar alwalar Baba ya kai ta can gindin gwaibar. Nan Inna Huraira ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Me nake gani? Butar ubanka ce ka kai can?"

"Inna, zai iya zuwa ya ɗauka."

"Zai iya! Ni da nake raye, mijina zai ja jiki ya je neman buta? Mutane su ce me? Ashe abin da ka je ka koyo ke nan, bushewar zuciya." Ta ɗauke butar ta mayar ɗaki.

Kabir bai yi musu ba. Da can da ya ɗaga murya ya fice. Yanzu kuwa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tagar Baba bayan la'asar, ya kira Kulu.

"Zo in ba ki labarin teku."

Ya ce ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, sama ce kawai take saukowa ta taɓa shi. Da safe yakan ja baya, ya bar fili da ya fi filin idi, jiragen masunta su zauna a kan yashi. Da yamma ya dawo da kansa, ba wanda ya kira shi. Kulu ta buɗe baki. Ita ruwan da ta sani mafi girma shi ne kududdufin bayan makarantarsu.

"Kullum yake tafiya ya dawo?"

"Kullum. Ranar farko da na gani, sai da na zauna a ƙasa na yi ta tasbihi."

Ya ba ta labarin wata tsohuwa mai suna Ameliya, wadda ta taka nakiya a gonar rogonta. An yi mata ƙafar katako, ita kuma ta rantse sai ta je bakin ruwa da kanta, inda ta saba tsintar ƙaguwa tun tana yarinya.

"Tana fara tafiya ta faɗi a yashi. Na zabura zan ɗaga ta, sai babbar nas ɗinmu ta riƙe min hannu gam. Ta ce, 'Ka tsaya kusa, amma kada ka taɓa ta sai ta kira ka. In ka ɗaga ta yau, gobe ma kai za ta jira.' Na tsaya ina kallo, raina yana tafasa. Tsohuwar tana zagina da yarensu, tana zagin katakon, tana zagin yashin."

Daga kicin an daina jin motsin kwanuka. Can sai murya ta fito ta taga.

"Kulu, tambayi yayanki, tsohuwar ta kai ruwan?"

"Ki ce wa Baba ta kai. Ta tsaya a ciki har gwiwa, tana rera waƙa, masunta suna amsa mata."

Washegari da aka kira azahar, Inna ta ɗauko buta za ta shiga ɗaki. Malam Isyaku yana zaune a kujerar bakin ƙofa, inda ita da Kulu suka saba fito da shi shan iska.

"Huraira, kai ta gindin gwaiba."

"Malam…"

"Kai ta."

Ta kai, ta dawo ta tsaya tana murza bakin zanenta. Malam Isyaku ya kama ƙarfen dama da hannunsa mai lafiya. Ya ɗora na hagun a kan ɗaya ƙarfen, ya yi bisimilla, ya yunƙura. Kulu ta manta tsawon mahaifinta. Da ya miƙe, sai ta ga kansa ya kusa taɓa indararo.

Kabir ya zo ya tsaya a bayansa, dab da shi, inda ba za su haɗa ido ba. Ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su.

Ƙafar dama ta tafi. Ta hagu ta biyo tana jan ƙasa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Da ya kai tsakiya, gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya tafi ƙasa har ƙirjinsa ya daki ƙarfen. Inna ta yi salati ta yo gaba.

"Inna, don Allah," in ji Kabir a hankali. Ya matso har rigarsa tana taɓa bayan mahaifinsa, amma hannayensa suna inda suke.

Malam Isyaku ya rataya a wurin yana haki. Kulu ta ji kamar gidan duka ya daina numfashi, har kajin da ke tono sun tsaya. Sa'an nan ta ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, ta ga gwiwar tana miƙewa kaɗan-kaɗan, har ya tsaya sosai. Ya ci gaba. Da ya kai gindin gwaiba ya zauna a kujera, ya sunkuya ya ɗauki butarsa da kansa.

Inna ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana hamdala. Malam Isyaku ya zuba ruwa a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallon yadda yake zuba.

"Kulu," in ji shi, "ki ce wa yayanki gobe a matsar da ita zaure."

Kulu ta juya za ta faɗa, sai ta ga Kabir ya saki hannayensa. Farcensa ya huda tafin hannun har jini ya ɗan fito. Ya share a jikin wandonsa da sauri, ya shige zaure, ya daɗe bai fito ba.

A ranar Kulu ta gane cewa yayanta yana son ya ɗaga Baba kamar yadda Inna take so. Ya hana kansa ne don Baba ya tashi da ƙafarsa, kuma sai da ya je har bakin teku kafin ya iya yin haka.