Cingam a Kitson Ƙarshe

Makaniken nan yana iya kwance injin mota ya baje shi a ƙasa ya mayar ido rufe, amma ranar da 'yarsa Tsigi ta tashi da cingam a kai, sai ga shi tsaye a tsakar ɗaki kamar sabon ɗan koyo. Da shi a baki ta yi barci, kafin safiya ya bi matashi ya je ya kame a kitso guda, can bayan kunne.

A wani gidan wannan ba abin magana ba ne, a tsefe a wanke a wuce wurin. To amma kitson da ke kan Tsigi uwarta ce ta yi mata shi ana gobe za a kwantar da ita a asibiti, kuma daga asibitin nan ba ta dawo gida ba. Kitson ya tsufa, ya yi buzu-buzu, amma yarinyar ta hana kowa taɓawa. Ko wanka za ta yi sai ta ɗaura leda a kai.

"Baba, ka cire shi, amma kada ka tsefe."

"Ba zan tsefe ba. Na yi miki alkawari."

Ya yi alkawarin ne alhali bai taɓa riƙe matajin mata ba. Kuma shi duk iliminsa na gareji ne, inda in noti ya cije wuta ake gasa masa ya saki. Don haka bawan Allah ya dafa ruwa, ya tsoma tawul, ya danna a wurin. Cingam kuwa ya saki, sakin da gara bai yi ba: ya narke, ya yi yauƙi, ya shige cikin kitson da ke kusa, ya haɗe su wuri guda. Ya sa yatsa ya ja, yarinyar ta ƙwala ƙara.

Ƙarar ce ta shigo da maƙwabciyarsu mai ɗinki, tef ɗin awo a wuya. Ta tarar da shi yana tsiyaya fetur a murfin gora.

"Kai, maƙwabci! Kan yarinya ne ko kafireton mota? Aje min abin nan kafin ka makanta ta!"

Ta koma ta ɗebo ƙanƙara daga firjinta. Aka dafa a wurin har Tsigi ta fara karkarwa. Na saman ya daskare, mai ɗinki ta ɓanɓare shi da farce, na cikin kuwa ko gezau. Suka gwada basilin. Suka gwada man goge baki da tsohon burushi. Makanike har sabulun wanke hannunsa na gareji ya ɗauko, ta harare shi ya mayar. Duk abin da ta ambata sai ya ruga ya kawo, takalmi ƙafa ɗaya, yana zufa, yana roƙon Allah a ransa kada ya karya wa marainiyarsa alkawari. Tsoro yake ji, irin wanda rabonsa da shi tun a barandar asibiti.

A ƙarshe ta ja shi bakin ƙofa, ta rage murya.

"Man girki zai fitar da shi tas, amma sai an tsefe, a bi sili-sili. In ba haka ba sai almakashi. In aka bar shi kuma ya dunƙule, kan duka za a aske."

"Ba wata dabara? Don Allah ki tuna. Ko me ake sayowa zan je."

"Da ka bar shi a kitso ɗaya, da na san yadda zan yi. Ruwan zafinka ya gama magana."

Ta aje masa kwalbar man da mataji ta fita, don ta ga wannan ba hurumin maƙwabta ba ne.

Ya durƙusa gaban Tsigi. Ya gaya mata gaskiya, har da cewa shi ya ɓata abin da hannunsa. Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin sawun ruwan ƙanƙara a wuyanta. Sannan ta juya ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa, ta ba shi baya.

"Daga ƙasa ake farawa," ta ce. "Ba daga sama ba."

Ya shafa man. Da yatsun nan nasa masu kaushi ya kama bakin kitson ya fara warwarewa a hankali, yana ɗauke numfashi a kowane sili, yana kwance abin da matarsa ta ɗaure da hannunta. Cingam ya riƙa fitowa a matajin ba gardama. Ya gama da waɗanda suka ɓaci zai tsaya, ta ce ya ci gaba, Mama ba ta barin kai rabi da rabi.

Da ya zo tajewa sai ya riƙa lallaɓawa, don kada ta ji zafi ko kaɗan. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Na ja miki ne?"

Ta girgiza kai.

"Ka ja da ƙarfi, Baba. Mama da ƙarfi take ja."