Ƙarafa Biyu a Kan Faranti

Duk lokacin da injin wankin Gumsu ya zo matse kaya, sai ya hau dukan kansa, gaf-gaf-gaf, yana tafiya har bakin ƙofa. Maƙwabta a Gwange sun saba. Hajja ce, uwar mijinta, ta kasa sabawa. Tun da ta gudo daga Bama, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta kwanta rub da ciki. Ran nan Gumsu ta same ta a bayan randa, ta toshe kunnuwa tana salati.

"Ko abin nan ya bar gidan, ko ni in koma sansani wajen 'yan garinmu," in ji Hajja. "Can in na ji harbi, na san harbi ne."

Gumsu ta dubi injin. Da injin nan take wanke fararen kayan ma'aikatan asibiti, shi ke riƙe da gidan. Amma tsohuwa ba za ta kwana a tanti ba tana raye. Ta kira Dzarma a waya, mai gyara a kasuwar Gamboru.

"Danna gangar ciki da hannu, ki saki," in ji shi. "Ta tsaya?"

"Ina! Rawa take."

"Shokozoba ne suka mutu, Ya Gumsu. Ƙarafa biyu ne a ƙasa, masu riƙe gangar. Kwance ki kawo in gwada, kala-kala ne."

Ta zare wuta, ta shimfiɗa bargo, ta kwantar da injin a gefensa. Da sifanar mijinta ta kwance su: ƙarafa biyu baƙaƙe, dogaye kamar rake, duk baƙin mai ya jiƙe su. Ta zuba a leda, ta sa hijabi, har ta kai zaure sai ta tsaya cak.

A shekarar nan ta tashin bama-bamai, mace da hijabi da ƙarfe a leda? Ko tari ta yi a bakin kasuwa sai an watse.

Ta koma ta ɗauko farantin da take ba baƙi dabino, ta jera su a kai, ta ɗora a ka kamar mai talla.

Duk da haka, tana isa ƙofar kasuwa wani ɗan ƙato da gora ya daka tsawa.

"Ke! Tsaya nan! Mene ne wannan?"

Layin mata ya dare. Mai gyaɗa ta bar tirenta ta ruga.

Gumsu ta sauke farantin a hankali, ta ɗaga hannuwa. "Na injin wanki ne, ɗan'uwa. In nuna maka?"

"Daga nan inda kike!"

Ta ɗauki ɗaya, ta ja ta tura, ta ja ta tura. Ya shige salin-alin, ba ko gardama.

"Ka gani? Ko zanin jariri ba ya iya riƙewa. Da yana da ƙarfin tashi da wani, me zai kawo ni kasuwa da rana tsaka?"

Wani mai keke napep ya leƙo daga bayan buhunan yashi. "Kai, shokozoba ne, wallahi! Nawa ma sun fi wannan mutuwa."

"Shi ya sa ka ɓuya?" in ji Naomi, mai binciken mata. Ta lalube Gumsu tana dariya. "Wuce, 'yar'uwa. Gobe ki haɗo da dabinon."

Dzarma ya gwada tsawo da ramin ƙusa, ya ba ta sababbi. Ta tura ɗaya, ya ƙi shiga sai da ta sa ƙarfi. A farantin ta dawo da su.

Bayan la'asar ta ɗaura su, ta ɗaure tam, ta tayar da injin, ta zuba kaya. Hajja na tsakar gida tana tsinke zogale, ta juya bayanta ga ƙofar. Can ta ɗaga murya.

"Gumsu! In za ki kunna abin nan, ki faɗa mini in fita waje."

"Hajja, ai matsewa yake. Ya kusa gamawa."

Tsohuwa ta ajiye zogalen. Ta taso, ta leƙa, ta daɗe tana kallon kaya na juyawa a bayan gilashi. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan injin.

"To," ta ce. "In ya gama, ki sa masa lafayata. Amma ban da farar."